Na ɗora Ubuntu kusa da Windows 10, yanzu kwamfutar gida ba ta nuna Windows ko kaɗan

Baban_Yara ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar Linux game da matsalar da ta samu kwamfutar tebur da muke amfani da ita a gida, wadda takardun makarantar yara, hotunan iyali da lissafin shagon uwargida duk a cikinta suke.

Kwamfutar ba sabuwa na saya ba, tana da Core i5 zubi na bakwai, RAM gigabait 8, da faifan SSD guda ɗaya mai gigabait 500, kuma da Windows 10 a kanta na saye ta. Da yake Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma ba ta cikin injunan da Windows 11 yake karɓa, sai na yanke shawarar ɗora Ubuntu, wato wata babbar manhaja ta dangin Linux mai yin aiki irin na Windows, a gefe domin in riƙa koyo a hankali, sauran mutanen gida kuma su ci gaba da abin da suka saba da shi. Na shiga Disk Management na rage yankin C har na samu fili kimanin gigabait 165, sannan na tashi kwamfutar daga filashin da wani abokin aiki ya haɗa mini, mai ɗauke da Ubuntu 22.04.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, manhajar girkawa ta ce ba ta ga wata babbar manhaja a kan injin ba, kuma zaɓin nan na ɗora Ubuntu tare da Windows, wanda nake gani a bidiyoyin koyarwa, bai fito ba. Saboda haka na zaɓi Something else na raba filin da hannu. A nan ta yi mini gargaɗi cewa sai na ware wani ɗan ƙaramin yanki na aƙalla megabait 1 domin abin da zai tayar da manhajar, na ware, aikin ya kammala lafiya.

Tun daga lokacin, idan aka kunna kwamfutar kai tsaye take shiga Ubuntu. Na danne Shift yayin da take tashi, jerin zaɓin GRUB, wato manhajar da ke tayar da Ubuntu, ya fito, amma babu Windows a ciki. Na ƙara layin GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false a cikin /etc/default/grub kamar yadda na karanta a wani wuri, na gudanar da sudo update-grub, babu abin da ya sauya. Ga abin da umarnin lsblk yake nunawa game da suna, girma da nau'in kowane yanki:

sda1  100M  vfat
sda2  16M
sda3  300G  ntfs
sda4  530M  ntfs
sda5  1M
sda6  165G  ext4

Wani mai gyara a unguwarmu ya ce mini Windows ɗin ya riga ya tafi, wai sai an goge faifan gaba ɗaya an sake komai daga farko. Kafin in yarda da hakan ina so in ji ta bakinku, domin a gida an zuba mini ido.

Mai_Gyara_Zariya ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bari kowa ya goge faifan nan. Jerin da ka kawo da kansa ya nuna cewa Windows ɗinka yana nan daram: sda3 shi ne yankin C da duk fayilolinku, sda4 na farfaɗo da Windows ne idan ya samu matsala, sda2 ɗan yankin da Microsoft yake keɓewa ne, sda1 kuma, mai megabait 100, shi ne inda fayil ɗin da ke tayar da Windows yake zaune. Babu ɗaya daga cikinsu da aka taɓa.

Ga abin da nake kyautata zaton ya faru. Kwamfutocin wancan zamanin suna iya tashi ta hanyoyi biyu. Akwai tsohuwar hanya ta BIOS, wadda a cikin saiti ake rubuta ta da Legacy ko CSM, inda injin yake karanta farkon faifai ya bi duk abin da ya tarar a wurin. Akwai kuma hanyar UEFI, inda injin yake da jerin sunaye a ajiye a ƙwaƙwalwarsa, kowane suna yana nuni ga wani fayil a cikin ƙaramin yankin nan mai tsarin FAT32, wato sda1 a faifanka. Kasancewar sda1 da sda2 a faifanka alama ce cewa an girka Windows ta hanyar UEFI a kan faifai mai tsarin GPT, wato sabon tsarin raba faifai. Shi kuwa sda5 mai megabait 1, wanda aka tilasta maka warewa, ba a buƙatarsa sai idan ana ɗora GRUB ta tsohuwar hanya a kan irin wannan faifan. Ke nan filashinka ta tsohuwar hanya ya tashi, kuma manhajar girkawa tana bin hanyar da filashin ya tashi da ita ne, ba ta tambayar kowa. Wannan ne ma ya sa ta ce ba ta ga wata babbar manhaja ba, ya kuma sa zaɓin ɗora su tare bai fito ba.

Ka ɗauka gida ne mai ƙofa biyu, ɗaya ta zaure ɗaya ta baya, kuma babu hanya tsakaninsu daga ciki. GRUB ɗinka a ƙofar baya yake tsaye, Windows kuma ta zaure ake shiga wurinsa. Da zarar injin ya tashi ta tsohuwar hanya, ba ya iya komawa UEFI sai an sake kunna shi, don haka ko sau nawa ka gudanar da update-grub ba zai iya miƙa ka ga Windows ba. Layin da ka ƙara ba laifi ba ne, kuma yana da asali, domin tun daga GRUB 2.06 na shekarar 2021 aka kashe binciken sauran manhajoji sai wanda ya kunna da kansa, kuma hakan ya ɓatar wa mutane da yawa da Windows daga jerin zaɓi. Sai dai ba shi ne ciwonka ba.

Kafin ka taɓa komai, ka tabbatar da zaton nan ta hanyoyi biyu. A cikin Ubuntu ka buɗe taminal ka rubuta:

ls /sys/firmware/efi

Idan ya ce babu wannan folda, to ta tsohuwar hanya Ubuntu yake tashi. Na biyu, ka sake kunna kwamfutar ka riƙa danna maɓallin da ke fito da jerin na'urorin tashi tun kafin tambarin kamfani ya ɓace. A injunan HP yawanci F9 ne, a Dell da Lenovo kuma F12. Ka nemi Windows Boot Manager a jerin ka zaɓe shi. Ina sa ran Windows zai buɗe kamar ba a taɓa yin komai ba, kuma a ciki idan ka gudanar da msinfo32 za ka ga an rubuta UEFI a gaban BIOS Mode. Da wannan kaɗai mutanen gida za su iya ci gaba da aikinsu tun daga daren yau.

Game da gyara na dindindin, tun da Ubuntu ɗin sabo ne kuma ba ka tara komai a cikinsa ba, shawarata ita ce ka sake girka shi ta hanyar UEFI. Idan ka duba jerin na'urorin tashi da filashin a jiki, za ka ga sunansa sau biyu, ɗaya da kalmar UEFI a gabansa, ɗaya babu. Mai UEFI za ka zaɓa. Mafi aminci ma shi ne ka shiga saitin BIOS ka kashe Legacy ko CSM gaba ɗaya, yadda babu damar sake kuskurewa, sai dai idan akwai tsohon katin hoto da aka ƙara wa injin, domin wasu daga cikin tsofaffin ba sa nuna komai a allo idan aka kashe CSM. Idan filashin bai fito da UEFI ba sam, to a sake haɗa shi da manhajar haɗa filashi ta Rufus a zaɓi GPT. Bayan ya tashi, ka zaɓi gwada Ubuntu tukuna, ka sake gudanar da umarnin ls ɗin da ke sama, ka ga foldar ta bayyana, sannan ka fara girkawa. Ka koma Something else, ka zaɓi sda6 ka ce a goge shi a mayar da shi ext4 a matsayin tushe, wato /, ka bar sda1 a matsayinsa na yankin EFI ba tare da ka sa masa alamar gogewa ba. Wannan alamar ita ce wuri ɗaya da za ka duba sau biyu kafin ka ci gaba, domin idan aka goge sda1, a lokacin ne Windows zai daina tashi da gaske har sai an gyara shi da bcdboot daga filashin Windows. Shi kuwa sda5 kana iya share shi ko ka ƙyale shi, ba ya cin komai.

Malamar_Lissafi ta rubuta:

Na yarda da binciken Malam Mai Gyara ɗari bisa ɗari, amma ina da abu biyu da zan ƙara, ɗaya kuma da na ɗan saɓa masa a kai.

Na farko, tun da fayilolin iyali ne, kuma daga bayaninka babu alamar suna da kwafi a wani wuri, to da zarar Windows ya buɗe, aikin farko shi ne kwashe takardu, hotuna da lissafin shago zuwa wani faifai na waje, a kuma buɗe wasu daga cikinsu a can a tabbatar sun kwafu. Aikin raba faifai ba shi da haɗari sosai idan an natsu, amma ɗauke wuta a tsakiyarsa yana iya lalata abin da natsuwa ba za ta dawo da shi ba, kuma kwamfutar tebur ba ta da batirin da zai riƙe ta kamar ta tafi-da-gidanka. Idan babu UPS ko inbata a gida, a jira lokacin da aka san wutar tana daɗewa.

Na biyu shi ne BitLocker, wato tsarin da Windows yake kulle faifai da shi yadda ba a iya karanta shi sai da mabuɗi. A naka yanayin hankalina a kwance yake, domin lsblk ya rubuta ntfs a gaban sda3, alhali da yankin a kulle yake da BitLocker zai rubuta. Duk da haka ba ya cin lokaci ka buɗe Command Prompt a matsayin mai kula da injin ka gudanar da manage-bde -status ka gani da idonka. Na kawo wannan ne musamman saboda waɗanda za su karanta amsoshin nan suna da Windows 11, wanda sau da yawa yake kulle faifai da kansa ba tare da mai injin ya lura ba. Irin wannan injin, idan aka sauya hanyar tashi ko Secure Boot, wato saitin da ke hana injin tashi da fayil ɗin da ba a amince da shi ba, yana iya tsayawa ya nemi mabuɗin farfaɗowa mai lambobi 48, kuma wanda bai ajiye shi ba, bai kuma san asusun Microsoft da aka buɗe injin da shi ba, kamar yadda yake yawan faruwa da kwamfutocin da aka saya a hannun wani, ya shiga matsalar da babu mai gyaran da zai fitar da shi.

Inda na saɓa shi ne batun sake girkawa. Ba dole ba ne. Ubuntu ɗin da ke kan sda6 lafiyarsa ƙalau, abin da ke tayar da shi ne kawai ba daidai ba, kuma ana iya musanya wannan kaɗai. A tashi daga filashi ta hanyar UEFI, a haɗa da intanet, a ɗora manhajar gyaran tashi mai suna Boot-Repair:

sudo add-apt-repository ppa:yannubuntu/boot-repair
sudo apt update
sudo apt install boot-repair

Shi zai cire GRUB na tsohuwar hanya, ya sa na UEFI a cikin sda1 kusa da na Windows, ya kuma rubuta yankin a /etc/fstab domin ya riƙa hawa a /boot/efi. Yana kuma fitar da rahoto kan yadda faifan yake, wanda za a iya kawowa nan a duba kafin a amince masa ya yi gyara. Amfanin wannan hanyar shi ne duk sabuntawa da manhajojin da ka riga ka sauke da datarka ba za su tafi a banza ba. Na san Malam zai ce wanda bai saba ba ya fi samun sauƙi da sake girkawa, kuma idan abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba, ba zan yi jayayya da shi ba.

Baban_Yara ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri, Malam da Malama. Komai ya kasance yadda kuka faɗa. Foldar efi ba ta nan a Ubuntu, Windows Boot Manager kuwa yana cikin jerin na'urorin tashi, na zaɓe shi ya buɗe da komai a wurinsa. Na kwashe fayilolin zuwa faifan waje, na duba BitLocker na tarar a kashe yake, sannan na bi hanyar sake girkawa tun da ban sauke wani abin kirki a ciki ba. A wannan karon manhajar girkawa ta ga Windows tun daga farko, kuma yanzu GRUB yana fitowa da sunayensu duka biyun.

Sai dai wasu abubuwa uku sun biyo baya. Duk lokacin da na fita daga Ubuntu na shiga Windows, agogon Windows yana komawa baya da awa ɗaya cif. Idan ƙarfe goma ne sai ya nuna tara, in gyara, gobe ya koma. Na biyu, daga Ubuntu ina iya buɗe yankin C in karanta fayiloli, amma ba na iya ajiye komai a ciki, zaɓin liƙa fayil ma a dishe yake. Na uku shi ya fi damuna. Jiya an ɗauke wuta tun dare, kuma mun saba zare filogi daga bango saboda gudun ƙarfin wuta idan an dawo da ita. Da safe da aka kunna, sai injin ya tsaya da wani rubutu game da kwanan wata da saiti, na danna maɓallin da ya ce a danna, ya wuce kai tsaye zuwa Windows ba tare da GRUB ba, kuma kwanan watan ya koma shekaru baya. Na shiga BIOS na tarar Legacy ɗin da na kashe ya dawo a kunne. Shin sake girkawar ce ta ɓata wani abu, ko kuwa Windows ne yake ture Ubuntu?

Akwai kuma buƙatar uwargida, wadda take so idan an kunna ba a taɓa komai ba, injin ya shiga Windows da kansa maimakon Ubuntu.

Mai_Gyara_Zariya ya rubuta:

Madalla, Malam, babban aikin ya wuce. Abubuwa ukun nan ba su da alaƙa da juna, kuma babu wanda girkawar ta jawo a cikinsu ta hanyar kuskure.

Na fara da na ukun tun da shi ya fi tayar maka da hankali. Ba Windows ba ne, batiri ne. A kan babban allon da ke cikin akwatin kwamfutar akwai ɗan batiri mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, mai ƙarfin bolt 3, wanda aikinsa shi ne riƙe agogo da saitin BIOS lokacin da babu wuta. Muddin filogi yana jikin bango kuma akwai wuta, injin ba ya dogara da shi, shi ya sa mutuwarsa take ɓoyuwa har sai an zare filogi na tsawon dare. Injin da aka ƙera a zamanin zubi na bakwai, idan ba a taɓa sauya masa ba, batirin ya yi shekarun da ya kamata ya gaji. Da ya mutu sai saitin ya koma yadda ya fito daga masana'anta, Legacy ya dawo, kuma a wasu injunan har jerin wanda zai fara tashi yakan koma na asali. Ina zaton matsalar ta daɗe, ba ku lura ba ne saboda Windows yana gyara agogonsa daga intanet kuma shi kaɗai ne a injin. Ana samun batirin a wurin masu gyaran agogo da masu sayar da kayan kwamfuta. Ka zare filogi, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka sa hannu ciki, ka danna ɗan maƙallin da ke riƙe da shi ya fito, ka sa sabon da alamar + tana kallon sama. Daga nan ka shiga BIOS ka gyara kwanan wata, ka sake kashe Legacy, ka ɗaga ubuntu sama da Windows Boot Manager a jerin tashi. Kada ka bar kwanan watan a karkace, domin shafukan intanet masu tsaro za su riƙa ƙin buɗewa, apt ma, wato umarnin da ke sauke manhajoji a Ubuntu, yana iya ƙin sabuntawa yana cewa fayil ɗin bai fara aiki ba tukuna.

Idan BIOS ɗinka bai ba da damar sauya jerin cikin sauƙi ba, ka shiga Ubuntu ta maɓallin na'urorin tashi ka gudanar da efibootmgr. Zai nuna kowane suna da lambarsa mai gurbi huɗu, da layin BootOrder. Idan misali ubuntu ne 0003, Windows kuma 0000, sai ka rubuta sudo efibootmgr -o 0003,0000, amma da lambobin da naka injin ya nuna, ba nawa ba.

Batun awa ɗaya kuwa daban yake da na batiri, kuma daidaiton awar shi ne shaida. Agogo ɗaya ne a cikin injin, manhajojin biyu kuma ba su yarda da ma'anarsa ba. Ubuntu yana rubuta lokacin UTC a cikinsa, wato lokacin duniya da ake auna lokutan ƙasashe da shi, sannan ya ƙara awar yankinku wajen nunawa, Windows kuma yana ɗaukar abin da ya tarar a matsayin lokacin gari. Najeriya da Nijar suna gaban UTC da awa ɗaya, don haka ƙarfe goma naka Ubuntu tara yake ajiyewa, Windows ya karanta tara ya nuna maka. 'Yan'uwanmu na Gana ba sa ganin wannan matsalar, domin lokacinsu daidai yake da UTC. Gyara mafi sauƙi shi ne a Ubuntu:

timedatectl set-local-rtc 1 --adjust-system-clock

Zai riƙa nuna gargaɗi cewa wannan tsarin yana iya kawo rikici, amma rikicin da ake nufi ya fi shafar ƙasashen da suke matsar da agogo gaba da baya tsakanin bazara da hunturu, mu kuwa ba ma yi. Akwai hanya ta biyu, wato a koya wa Windows amfani da UTC ta hanyar ƙara RealTimeIsUniversal a rajistarsa, kuma masana da yawa ita suka fi so. Ɗaya za ka yi, kada ka haɗa biyun, in ba haka ba awar za ta sake karkacewa ta ɗaya ɓangaren.

Rashin iya rubutu a yankin C kuma kariya ce Ubuntu yake yi maka. Tun daga Windows 8 akwai abin da ake kira Fast Startup, wanda idan ka ce a kashe kwamfuta ba ya kashe ta gaba ɗaya, sai ya adana halin da zuciyar manhajar take ciki a wani fayil domin ta tashi da sauri. Yankin yana zama kamar wanda ba a rufe ba, kuma duk abin da aka rubuta a cikinsa daga waje yana iya ɓacewa ko ya lalata wasu fayilolin idan Windows ya farka. A Command Prompt na mai kula da injin ka rubuta powercfg /h off, ka kashe kwamfutar, ka shiga Ubuntu ka gwada. Idan har yanzu ya ƙi, to ɗauke wutar da aka yi ne ya bar yankin da alamar rashin tsabta, sai ka gudanar da chkdsk C: /f a Windows ka bar shi ya duba faifan a tashi na gaba. Za ka ci karo da masu ba da shawarar tilasta buɗe yankin daga Linux. A kan faifan da lissafin shago yake ciki, ni ba zan yi ba.

Malamar_Lissafi ta rubuta:

Saura buƙatar uwargida, kuma tana da gaskiya, domin ita da yara ne suka fi kunna injin. Kada a biya ta ta hanyar mayar da Windows Boot Manager saman jerin BIOS, saboda hakan zai ɓoye GRUB ne gaba ɗaya, kai kuma ka koma farautar maɓalli duk lokacin da kake son Ubuntu. A bar GRUB ya fara fitowa, a gaya masa wanda zai zaɓa idan ba a taɓa komai ba. Ka fara duba ainihin sunan da ya ba Windows:

sudo grep -i windows /boot/grub/grub.cfg

A faifanka ya kamata ka ga Windows Boot Manager (on /dev/sda1). Ka buɗe /etc/default/grub, ka sa wannan sunan harafi da harafi tsakanin alamomin zance a gaban GRUB_DEFAULT=, ka mayar da GRUB_TIMEOUT_STYLE zuwa menu, GRUB_TIMEOUT kuma zuwa 10 ko yadda ya yi muku, sannan sudo update-grub. Na fi son suna a kan lamba, domin lambar layi tana iya sauyawa idan jerin ya ƙaru, suna kuwa yana nan. Wasu suna amfani da GRUB_DEFAULT=saved tare da GRUB_SAVEDEFAULT=true domin injin ya tuna wanda aka shiga na ƙarshe, amma a gidan da mutane da yawa suke amfani da kwamfuta ɗaya wannan rikici yake kawowa, tun da duk daren da ka yi aiki a Ubuntu, da safe a can yara za su tsinci kansu.

Abu na ƙarshe shi ne Secure Boot, wanda tabbas a kashe yake tun da Legacy yana kunne a da. Ubuntu yana aiki da shi lafiya ta hanyar wani ƙaramin fayil mai suna shim da Microsoft ya sa wa hannu, don haka kana iya kunna shi bayan ka sauya batirin. Amma ka fara gudanar da sudo apt update da sudo apt upgrade tukuna. Dalili shi ne filashinka na 22.04 ne, mai yiwuwa daga cikin fitowar farko, kuma a watan Agusta 2024 wata sabuntawar tsaro ta Windows ta sa injuna da dama masu manhaja biyu suka ƙi tayar da Linux mai tsohon shim, suna nuna saƙon da ya ƙunshi SBAT da Security Policy Violation. Idan ka taɓa ganin wannan saƙon, ba faifan ne ya lalace ba: a kashe Secure Boot, a shiga Ubuntu a sabunta shi, sannan a mayar. Shi kansa 22.04 ana ba shi sabuntawar tsaro ta yau da kullum har zuwa 2027, saboda haka babu gaggawar hawa 24.04 a makon nan. Ka bari ka ga injin ya kwana ba filogi ya kuma tashi da saitinsa daidai, ka ga GRUB ya shiga Windows da kansa bayan daƙiƙa goma, sannan ka kawo mana abin da efibootmgr yake nunawa idan akwai sauran abin da bai zauna ba.